Masu aikin kol sto, me kuke sawa a cikin safar hannu?

Ɗan Ashaiman: Salamu alaikum jama'a, barkanku da dare. Dan Allah ina da tambaya ga masu aikin kol sto. Na samu aikin lodi a wani sto can wajen fishin habo na Tema, muna sauke katan ɗin kifi da kaji daga kwantena muna jerawa a ɗakin sanyi. Sun ba mu safar hannu irin baƙar nan mai kauri mai roba a tafi, da safe lafiya lau amma kafin azahar wlh ba na jin yatsuna musamman ƙaramin da na kusa da shi, in na fito waje kuma su kama zogi har sai na yi hawaye. Wani abokin aiki ya ce in nemi 'yar siririyar safa in fara sawa kafin babbar, wai laina. To abin da ban gane ba, mai kauri ta kasa siririya ce za ta iya? Ko in sayi wata mai kaurin in haɗa biyu?

Ɗan Aboabo: Hhhh cale, mu nan Kumasi zafi ya hana mu barci kai kana kukan sanyi a Tema, zo mu yi musanya

Kawu Fokilif: Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka haɗa masu kauri biyu, asarar kuɗi ce kuma hannun zai fi mutuwa. Gobe in an tashi cin abinci ka juya safar taka ka taɓa cikinta, za ka same ta jiƙe sharkaf. Matsalarka ke nan. Ai aikinku ba zaman ɗakin sanyi ba ne, shiga da fita ne, a bakin kwantena rana tana dukanku zafi ya haura digiri 30 ga iskar teku mai laima, kana ɗaga katan mai kilo 20 ko 30 dole tafin hannu ya yi gumi, sannan katan ɗin da kansa da ya sha iskar waje farar ƙanƙara ta hau shi ta fara narkewa a hannunka. Ruwa ta ciki ruwa ta waje, sai ka tura falet ka shiga ɗakin da yake 18 ko 20 ƙasa da sifili. To me kake jira? Ruwa yana jan zafin jiki kusan ninki 25 a kan iska. Amfanin laina ba kaurinta ba ne, ita ce mai kwashe gumin daga fata, kuma da ta jiƙe ka cire ka sa wata busasshiya. Babbar safa ba za ka iya canza ta kowace awa ba, ta ciki kuwa guda uku ma za su shiga aljihun wando.

Ɗan Ashaiman: Kawu gaskiya ne, kullum da yamma har wari take yi, washegari ma da ɗanyenta nake sawa

Kawu Fokilif: To ka gani. Ka fara aiki da jiƙaƙƙiyar safa tun ƙarfe 7 sannan ka ce laifin kamfanin da ya ɗinka ta ne.

Hajiya Mai Kifi: Ni dai yarana na shago farar nan ta auduga nake saya musu dozin dozin a Makola, mai araha ce, in ta yi datti a jiƙa da omo a shanya. Ban taɓa jin wani ya yi kuka ba.

Yaya Na Holan: Hajiya barka da dare, a yi mini afuwa amma auduga ita ce mafi muni a ɗakin sanyi. Ni ma aikin nan nake yi a nan, wajen ajiyar daskararren nama kusa da Rotadam, wataƙila ma wasu kajin da kuke saukewa a Tema ta hannunmu suka wuce. Auduga tana shan ruwa ta riƙe shi ba ta saki, ta manne a fata ta yi sanyi ƙalau. Abin da ake so a ciki zaren roba ne irin su folifirofilin ko foliyesta ko akirilik, folifirofilin kusan ba ya shan ruwa sam sai dai ya tura gumin gaba zuwa safar waje kuma nan da nan ya bushe. Sai ulu, shi kuma halinsa daban, yana iya shan ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa bai nuna ya jiƙe ba kuma bai daina riƙe ɗumi ba, sai dai tsada da saurin ɓulewa a kan yatsu. Akwai ta siliki ma, siririya sosai, daɗin sawa amma ba ta aikin lodi ba ce, ba ta jure wahala.

Hajiya Mai Kifi: Kai ɗan nan, kana Turai kana karɓar Yuro kana faɗa mana foli wane? Ka zo Madina ka tambayi mai shago foli kaza ka ga kallon da zai maka

Yaya Na Holan: Hhh Hajiya ba sai an faɗi sunan ba, a juya bakin safar a duba 'yar takardar da aka ɗinka, in an ga an rubuta auduga 100% a ajiye, in foliyesta ko akirilik ne a ɗauka. In babu takarda a ɗiga mata ruwa, auduga za ta shanye nan take wurin ya yi duhu.

Kawu Fokilif: Ku biyun duk kuna da gaskiya aiki ne ya bambanta. Hajiya firiza ce ta kwance a shagonta, yaro ya buɗe ya zura hannu ya ɗauko kpanla ko cinyar kaza ya rufe, minti ɗaya bai yi ba, sauran lokacin yana tsaye a zafin Madina. Auduga ta ishe shi. Wanda zai yi rabin awa a cikin ɗaki fanka tana hura masa iskar -20 labarinsa daban. Kuma ku lura da fankar nan, iska mai motsi ta fi kashe hannu a kan lambar da ke jikin bango, shi ya sa jeren da ke ƙarƙashin injin kowa yake gudunsa a bar wa sabon zuwa.

Ɗan Ashaiman: Wlh nan ɗin suke tura ni kullum 😭

Ɗan Aboabo: To bari in ba ku namu sirrin na Asafo, mu safar asibiti muke sawa daga ciki, shuɗiyar robar nan, sai mu ɗora babba a kai. Ruwa ba ya taɓa hannu ko kaɗan

Nas Mamobi: Ƙanena ruwan katan ba ya taɓa hannun amma gumin naka fa ina yake zuwa? Cire ta bayan awa biyu ka kalli yatsunka, za ka ga sun yi fari sun yamutse. Fatar da ta wuni a jiƙe haka ita ce ke tsagewa a gefen farce, tsakanin yatsu ya fara ƙaiƙayi yana saɓulewa, ga ruwan kifi ga ƙaya, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Muna ganin irinsu, yatsa ya kumbura da mugunya mutum ya ce wai sammu ne.

Ɗan Aboabo: Anti amma fa yana aiki, ni hannuna ya fi ɗumi da ita

Yaya Na Holan: Ba ƙarya ya yi ba Anti, dabarar tana da tushe, masu hawan duwatsun ƙanƙara suna yin irinta. Robar tana tsare gumi kada ya shiga babbar safa, to babbar sai ta zauna a bushe ta ci gaba da aikinta. Illar ita ce wadda kika faɗa. Mu abin da muke yi a nan in aikin na ruwa ne: laina a kan fata, roba a kanta, sannan babba. Laina ta sha gumin, roba ta tare ruwan waje, in an fito hutu a cire duka a canza lainar kawai.

Nas Mamobi: Wannan na yarda da shi, in dai za a canza ɗin. Roba kai tsaye a kan fata daga safe har magariba ne ban yarda ba.

Ɗan Aboabo: Uku a hannu ɗaya? To da me zan riƙe biro in rubuta lambar katan

Kawu Fokilif: Nan ma lainar ta yi rana ai. Da za ka rubuta ko ka kunce igiya ko ka danna waya, babbar kake zarewa ta ciki tana nan, ba ka taɓa ƙarfe da tsirarar fata ba. Ƙarfen ɗakin sanyi ba abin wasa ba ne, hannun ƙofa, sandar kwantena, ƙafar shelf, in yatsa da laima ya taɓa cikin 'yan daƙiƙu yake kamawa. Na ga yaro ya cire safa zai gyara sarƙar labulen roba, fatar kan yatsunsa biyu a jikin ƙarfen ta zauna.
Sai maganar girma, ita ce mutane suka fi kuskurewa. In za ka sa laina dole babbar ta ƙaru da lamba ɗaya, mai sa 9 ya nemi 10. In ka cusa laina cikin safar da dama ta kama ka, ka matse jijiya jini ya ragu, ka kuma matse iskar da ke tsakanin zaren wadda ita ce ainihin mai riƙe ɗumin. Safa irin kular abinci ce, ba ta dafa komai, zafin da aka zuba mata kawai take tsarewa, zafin hannu kuwa jini ne ke kawo shi. Gwaji mai sauƙi, ka sa duka biyun ka dunƙule hannu ka buɗe, in ka ji kan yatsu yana bugawa ko wuyan hannu ya shaƙe to ta yi kaɗan.

Ɗan Ashaiman: To ni tawa ma da kyar take shiga, abin da ya rage a sto ne aka miƙo mini

Yaya Na Holan: Ka duba bayanta ko akwai wani ɗan tambari mai zanen ƙanƙara an rubuta EN 511 da lambobi uku a ƙasa. Ta farko ƙarfinta ne a kan sanyin iska daga 0 zuwa 4, ta biyu sanyin abin da ka riƙe shi ma 0 zuwa 4, ta uku ruwa, 1 na nufin an gwada ruwa bai ratsa ba, 0 ya ratsa, X kuma ba a gwada ba. Ku masu ɗaukar katan ta tsakiyar ce taku. In EN 388 kaɗai ka gani mai zanen guduma, wannan ta yanka da gogewa ce, ta 'yan gini, ba ruwanta da sanyi komai kaurinta.

Ɗan Ashaiman: Na duba yanzu, guduma ce kawai

Ɗan Aboabo: Innalillahi, an ba ka safar birkila an tura ka firiza 😂

Ɗan Yuniyan: Ina ta karantawa ina jira wani ya taɓo inda gizo ke saƙa ba wanda ya taɓo. Duk kuna ta koya wa yaro abin da zai saya da kuɗinsa, wa ya ce shi zai saya? Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003, Act 651, sashe na 118 ta ɗora wa mai ba da aiki ya samar da kayan kariya ya kuma kula da su ba tare da ma'aikaci ya biya ko pesewa ɗaya ba, ya kuma koya masa yadda ake amfani da su. Tun kafin ita ma akwai ta masana'antu da ofisoshi da shaguna ta 1970, Act 328, in kuma aka ji rauni a bakin aiki akwai dokar diyya ta 1987. Safar da ba ta sanyi ba a ɗakin sanyi ba kayan kariya ba ce. Mu 'yan zango wannan ne ciwonmu, a cuce ka ka ce Allah ya isa ka je ka ciro kuɗin kokon 'ya'yanka ka toshe ramin mai kuɗi.

Hajiya Mai Kifi: Malam Yuniyan sannu da doka. Ka taɓa biyan kuɗin wuta na kol sto? Ka san abin da dumso, ɗauke wutar nan, ya yi mana, kaya su narke a zubar ga kuɗin man janareta? Ba na cewa kar a saya, ni ina saya, amma ka ba yaro sabuwar safa ranar Litinin ranar Laraba ya ce ta ɓata, ashe ya ba ɗan okada abokinsa. Sashen naka bai yi maganar wannan ba?

Ɗan Yuniyan: Ya yi Hajiya, sashen dai ya ce wajibi ne ma'aikaci ya yi amfani da kayan da aka ba shi. Ba na kare ɓarawo. Amma ba da ƙananan shaguna irin naku nake ba, da masu sauke kwantena mai ƙafa 40 da yawa a mako nake, laina dozin nawa ce a cikin ribar kwantena ɗaya?

Kawu Fokilif: Maganarka dutse amma yaron nan ba da de yake, wato aikin yini a biya shi, in ya je gobe yana karanta wa masta sashe na 118 jibi wani ne a gurbinsa, akwai mutum ashirin a bakin get suna jira. Ɗana ku haɗu ku duka 'yan lodin ku samu foman cikin ladabi, kuma kada ku ce masa muna jin sanyi, ku ce masa katan yana suɓucewa yana fashewa kuma lodi yana daɗewa ƙofar ɗaki a buɗe. Wannan yaren suke ji. Kuma ba ƙarya ba ce, fatar yatsa in ta sauko wajen digiri 15 riƙo ya fara lalacewa ke nan, in ta yi ƙasa da 8 ba ka ma jin abin da ka riƙe. Kafin su amsa dai ka sayi taka, yatsun naka ne.

Nas Mamobi: Bari in sa baki a kan abin da ya fi damuna, ƙanena ka ce ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba ka jin su. Wane launi suke yi? In ja ne suna zogi da ka fito, jini ne ke dawowa, da sauƙi. In ka ga wuri ya yi fari fat ko toka toka ya yi tauri kana dannawa ba ka ji, fatar ta fara daskarewa, ka bar aikin nan take. Abin yi: ka cire jiƙaƙƙiyar safa da zobe in akwai, ka tsoma hannun a ruwa mai ɗumi digiri 37 zuwa 39, wato wanda gwiwar hannu za ta zauna a ciki ba ƙuna, kamar minti 30. Wani ya gwada maka ruwan don kai ba za ka ji zafinsa ba. Kada a murza, kada a kai kan kurfoti ko a jingina da salansar mota ko bayan injin firiza, haka mutane ke ƙonewa ba su sani ba. In ƙuraje masu ruwa suka fito kada a fasa, a taho asibiti, kuma ranar ba komawa ɗakin sanyi domin wurin da ya narke ya sake daskarewa ya fi lalacewa.
Sannan dan Allah duk mai sikila kada ya karɓi aikin nan ko nawa ne, sanyi yana tayar da ciwon. A Gana kusan jarirai 2 cikin 100 da ita ake haifarsu, ba ƙaramin abu ba ne. Mai ciwon suga ma ya yi hattara don jijiyoyin yatsunsa ba sa kawo labari da wuri. Akwai kuma masu Raynaud, su ko ruwan sanyi suka taɓa yatsu su yi fari su koma shuɗi sannan ja, irin waɗannan laina ba za ta raba su da matsala ba.

Ɗan Aboabo: Gwajin sikila na jarirai ai a nan Kumasi aka fara shi a 1995, Komfo Anokye, zamanin Farfesa Ohene-Frempong. Ku 'yan Akra sai baki

Ɗan Ashaiman: Anti ja suke yi, ban ga fari ba tukuna alhamdulillah, kuma ni AA ne

Nas Mamobi: Madalla. To ka rage sigari in kana sha, tana tsuke jijiyoyin yatsu. Masu haɗiyar tiramol don ƙarfin lodi kuma su sani ciwon da suke kashewa shi ne ƙararrawar da za ta ce musu su fito.

Malam Na Sabon Zango: Ƙarin bayani kaɗan, in an yi alwalar azahar a tsane hannu sosai har tsakanin yatsu kafin a mayar da safa. Na ga matasa suna sallama su zura hannu da danshinsa su ruga ciki. Man kaɗanya kuma da dare za a shafa saboda tsagewa, ba ya hana sanyi shiga.

Kawu Fokilif: Na gode Malam. Wani abin kuma da ba a danganta shi da hannu, hula da rigar ciki. Jiki in ya ji ƙirji ya fara sanyi jinin hannu da ƙafa yake fara janyewa ya tsare ciki, shi ya sa za ka ga mutum da safa mai tsada yana rawar ɗari don singiletin da ke ƙarƙashin jaket ɗinsa ya jiƙe da gumi. Da za ka fita bakin kwantena ka zuge zif ɗin jaket ka sha iska, da za ka shiga ka rufe. Lainar da ka cire kuma kada ka jefa ta kan falet a ciki ta daskare, ka fito da ita ka shanya a rana, wadda za ka sa nan gaba ta zauna a aljihun ƙirji ta ɗauki ɗumin jiki.

Mahaucin Nima: Ni gargaɗi ɗaya gare ni tunda na ga kowa ya zama mai son safa. Wanda yake kan injin yanka, zarton nan mai juyawa da ake raba daskararren kifi da kafar saniya, kada ya kusanci bakinsa da safar zare, laina ko babba. Haƙorin zarto in ya kama fata yanka ne, in ya kama zare hannun gaba ɗaya yake ja. A tura naman da katako ko abin turawar injin, in hannu ya yi sanyi a kashe a je a ɗumama a dawo. Mai yanka da adda a kan kututture shi ya sa abinsa a hannun da ke riƙe kifin.

Ɗan Ashaiman: To a ina zan samu ta kirki ba tsada? Tema ko sai na shigo Akra

Hajiya Mai Kifi: Ka hau tirotiro ka je kasuwar gwanjo ta Kantamanto a Akra da sassafe ranar da ake kunce dila, wajen masu huluna da safar sanyi ta Turawa. Tun gobarar Janairun 2025 wasu sun canza wuri amma ka tambaya za a nuna maka. Nan ba mai sayen kayan sanyi sai masu shirin tafiya waje, ka taya yadda kake so. Ka tafi da babbar safarka ka gwada a ciki a gabansu.

Yaya Na Holan: Ka nemi irin ta masu gudun motsa jiki, siririya mai santsi mai miƙewa, ko ta saƙa mara kauri. Kar ka ɗauki mai gashi gashi mai kumburi ba za ta shiga ba. In ta roba ce kada a goge ta da ayan kada a shanya kusa da wuta, folifirofilin wajen digiri 160 yake narkewa, ta ulu kuma ruwan sanyi ake wanke ta da shi in ba haka ba ta tsuke ta koma ta yara.

Ɗan Yuniyan: Ka karɓi rasit ka ajiye

Hajiya Mai Kifi: Rasit a Kantamanto? Malam Yuniyan ka taɓa zuwa kuwa 😂 Ni dai daga wata mai zuwa tsarin da zan yi, kowane yaro laina uku da sunansa a jiki da maka, wanda ya kawo tsohuwa ko ta yage in ba shi sabuwa, wanda ya zo hannu rabbana a cire a kuɗinsa.

Ɗan Yuniyan: Cirewa a albashi ma akwai abin da doka ta ce a kai Hajiya

Hajiya Mai Kifi: To ka zo shagon gobe ka karanta mini, ka taho da kujerarka don ba wurin zama

Ɗan Aboabo: Wanda zai je Kantamanto ya ɗauko mini guda huɗu baƙaƙe lamba 9, a ba direban VIP a Sakul in karɓa a Asafo, zan tura momo